Golmon da Saja Bawa ya yi da furfura

Ku da kuka san mijin yayata, Saja Bawa, kun san ba ya shiga gida ya fara gaida mai gida. Bango yake fara gaidawa. Ya ɗaga sandar nan tasa mai bakin ƙarfe ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, sannan ya juyo ya ce, "Ina kwana? Magini ya cuce ka, yashi ya fi siminti yawa." Ko gaisuwar mutuwa ya je, haka yake yi.

Ni Talatu, ƙanwar matarsa, ba mu taɓa haɗuwa mun rabu lafiya ba. Rediyo yake kirana. Amma ina da dalilin surutuna. Yaya Laraba ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin sa daga wannan bariki zuwa wancan. Da ya yi ritaya suka dawo Zuru, lokacin da wayar salula ta fara shigo mana, sai ga su a ɗakin haya. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma na san halin danginsa: ranar da ya faɗi, ko tabarma ba za su bar mata ba. Kuɗin sallamarsa na banki suna barci, gwiwoyin Yaya na ta kumbura, shi kuwa in ka tambaye shi maganar gida sai ya ce, "Ana dubawa."

Wani dillali, Malam Garba, ya taɓa samo masa fili da rani, shimfiɗaɗɗe, ga araha. Saja ya zagaya ya ce, "Ba na sayen fili da rani. Da rani ko kwari ma ado yake yi. Mu haɗu tsakiyar damina." Dillali ya ɗauka wasa ne. Ranar da aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga Saja a ƙofarsa da lema. Ya ja shi har filin, ruwa iya ƙauri. Suna tsaye takalmin Malam Garba ya suɓuce, ruwa ya tafi da shi.

"Wayyo takalmina!"

"Bi shi," in ji Saja. "Inda ya tsaya, nan gadon matata zai tsaya."

Sai kuma wani sabon gida kusa da kasuwa, ya sha fenti, ni kaina na yi ta lashe baki. Saja ko ciki bai shiga ba. Gidajen maƙwabta ya bi yana roƙon ruwan sha, sai ka ce baƙo. A gidan da ke manne da shi aka miƙo masa rabin kofi ta tsagar ƙofa, aka mayar da sakata. Ya dawo ya ce mu tafi.

Na ce, "Haba Saja! Gida ka zo saye ko maƙwabta?"

Ya ce, "Rediyo, ranar da yayarki ta faɗi a tsakar gida, fenti ne zai ɗaga ta?"

Na ja gyalena na bi bayansa.

A ƙarshe ya ga wanda ya kwanta masa a rai. Tsohon gini ne a kan tudu, da rijiya a ciki, babu matakala ko ɗaya, coci kuwa in an yi waƙa ana ji daga tsakar gida. Maƙwabtan kuma da ya roƙi ruwa har kunu suka haɗa masa. Matsala ɗaya: mai gidan, Baba Dogo, ya koma gonarsa wajen Dirin Daji, ya rantse ba zai sayar ba ko an kawo masa kuɗi a buhu. Wai ɗansa da ke Kaduna zai dawo wata rana.

Saja ya ce, "To." Ruwan fari na sauka ya saɓa garma, ya hau kabu-kabu, ya sauka gonar Baba Dogo ya duƙa. Bai ce uffan game da gida ba. Aka yi shuka da shi, aka yi noma da shi, aka yanke dawa da shi. Damina ta wuce, wata ta zo, ya koma.

Ai kuwa gari ya ɗauka: Saja na golmo! Don a nan ƙasar, in ka ga namiji na noma gonar wani shekara da shekara ba lada, ɗiyar gidan yake nema. Abin dariyar, a gidan Baba Dogo babu mace sai yayarsa Kaka Asabe, wadda haƙori ɗaya ya rage mata. Ita ma da labari ya kai mata sai ta fara kitso, tana aika wa Saja soyayyar gyaɗa a gona. Da na gaya wa Yaya, dariya ta yi har da hawaye ta ce, "In za ta iya jure minsharinsa, na yafe mata."

Fasto kuwa bai yi dariya ba. Ya zo da dattawa ya ce, "Saja, da furfurarka, kana dattijon ikilisiya?"

Saja ya ce, "Fasto, golmo dai ina yi. Ranar biki za a kira ka."

Ni ma daga baya dariyar ta ƙare mini. Na ga bayansa ya sunkuye, tafin hannunsa ya tsattsage, tari ya kama shi. Na tare shi na ce, "Za ka mutu a gonar wani ka bar ta a haya! Ka sayi ko wane ne mana!" Na tsorata ƙwarai. Ya dube ni ya ce, "Soja ba ya barin wurin gadi sai an canje shi." Ya ɗauki garmarsa.

Baba Dogo ne ya gaji. Ya aiko ya ce ɗansa bai taɓa duƙawa a gonar nan kamar Saja ba, don haka zai sayar masa da gidan, a tara shaidu. Aka kira mai unguwa, aka kira Fasto, Saja ya sa ƙannensa duka suka zo. Kuma kun san me? Bayan duk wahalar nan, sai da ya tsaya taya ciniki, wai gara ta ci ƙyauren bayan gida, a rage! Mai unguwa ya riƙe baki.

Da aka daidaita, Baba Dogo ya ce cikin zolaya, "To Saja, ba a golmo ba amarya. Ina amaryar?"

Saja ya nuna Yaya da ke zaune a kan kujera, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta. Ya ce, "Ga ta. Golmon farko na yi na raba ta da gidan ubanta, na yi ta yawo da ita a ɗakunan gwamnati. Wannan na yi ne in mayar mata da gida." Ya juya ga ƙannensa. "Kun ji da kunnenku. Sunanta za a rubuta."

Yaya ta ja gyale ta rufe fuska. Ni kuwa Rediyo, kuka na fashe da shi gaban kowa.

Bai daɗe a gidan ba. Kafin dawar shekarar da ta biyo baya ta nuna muka binne shi, kuma babu wanda ya zo ya ce wa Yaya ta matsa ko da taku ɗaya.

Ya Ubangiji, kai ka ce a gidanka akwai wurin zama da yawa. Ka ba Saja Bawa nasa ba tare da ya sake duƙawa ba, don ya gaji. Ka riƙe mana Yaya Laraba. Amin.