Wutar da Alƙasim Ya Sa a Idon Inna Biba

Alƙasim namu na Karofane, ungozomar da ta karɓe shi ta rantse kunnuwansa ne suka fara fitowa da hantsi, sai da la'asar sauran jikin ya biyo baya. Tun da ya buɗe ido kuwa yake tsoron duniya. Ƙadangare ya gyaɗa masa kai, sai ya sake hanya. Lakwal ya yi ta har aji shida, ya faɗi jarrabawa faɗuwar da aka ji ƙararta a Keita, babansa ya miƙa masa hauya. Ya dubi hauya, ya dubi rana, ya hau motar albasa sai Madawa.

A can tasha ya samu rumfa yana cajin wayoyi, yana tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. Mai rumfar yana da wani tsohon ordinata, wato kwamfuta, mai kuka kamar injin niƙa, a kansa Alƙasim ya koyi yanka hoto da haɗa shi. Ya raba kamasho biyu, kowane rabi yana kiran fasinja. Ya sa jaki ya tashi sama da buhunan albasa. In an taru ana mamaki sai ya ɗaga kunnuwan nan ya yi huɗuba.

"Ido shi ne wawan jiki," in ji shi. "Kunne yakan tambaya wa ya faɗa. Hanci yakan sake shinshinawa. Ido kuwa abin da ka miƙa mashi ya haɗiye, ba bismilla. Masu manyan injuna can birni, da ni mai wanga gwangwani, duk wawa ɗaya muke kiwo."

Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya ce zai yi fim na gaske, labarin mayya. Nan gizo ke saƙar, don duk Karofane babu macen da ta yarda ta fito a mayya, ko da wasa. Sai Inna Biba, yayar mahaifiyarsa, tsohuwa mai fura wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma duk suna cin rani. Ita ta goya shi yana jariri, ba ta iya hana shi komai.

"To mi zan yi, ɗan nan?"

"Ba komi, Inna. Ki zamna bakin murhu, ki ɗaga kai ki dubi waya, ki buɗe baki."

Ta yi, tana dariya har da riƙe ciki. Shi kuma ya koma Madawa ya zauna gaban ordinata, ya goge dariyar, ya zuba mata wuta ja a ido, ya jawo farin hayaƙi daga ƙirjin wani mai barci ya shigar mata a baki. Da ya gama ya kunna ya gani, shi da ya yi abin da hannunsa sai da ya matsa da kujera baya. A ƙarshen fim ɗin ana gane duk mafarki ne wani maƙaryaci ya yi, tsohuwa ba ta ci kowa ba. Amma sai mutum ya kai ƙarshen.

Ya kai fim ɗin Ƙonni wurin wani Alhaji Maiguwa, mai tasha a intanet, wanda ke raba wa masu tura finafinai na kasuwanni kaya. Kafin a saki fim, aka yanko ɗan guntu na talla, daidai wurin idon. Maiguwa ya ce bayan Salla. Salla ta wuce ya ce damina ce, mutane suna gona, wa zai kalla? Aka yi girbi ya ce finafinan Indiya na fassara sun cika layi. Ana cikin haka janareto ya yi wa ordinata ɓarin wuta, ya ƙone ƙurmus da duk abin da ke cikinsa. Fim ya rage wuri ɗaya tak a duniya, aljihun Maiguwa.

Guntun talla kuwa bai jira kowa ba. Ya bi wayoyi daga Madawa zuwa Azarori, ya haura Tabotaki. A hanya wani ya datse sunan fim ɗin, wani ya ɗora murya a kai yana salati yana cewa an kama mayya a ƙasar Buza. Haka ya shigo Karofane.

Da Alƙasim ya zo gida, ya tarar da Inna Biba zaune gaban ƙwaryar fura cike, ta yi tsami, ƙudaje ne kawai masu ciniki. Mata in za su wuce ƙofarta sai su ja yara ta ɗaya gefen. Alƙasim ya fita bayan gari inda rezon waya ke kamawa, ya kira Maiguwa a Ƙonni.

"Alhaji, don Allah don Annabi ka saki fim ɗin nan. Ko ka turo min ƙarshen kaɗai."

"Yaro, ba ka san kasuwa ba. Yanzu ne anka fara maganarshi. Bari ya nuna."

"Alhaji, tsohuwa za su kashe!"

"Allah shi kiyaye. Ina kan babur, sai na kira ka."

Bai kira ba.

Sai Hamza maƙwabcinsu, ƙato mai mata da 'ya'ya, ya dawo daga kurmi da zazzaɓi. Shi ma ya kalli guntun nan har ya haddace. Da zafin jiki ya hau masa kai, sai ya kama fisge-fisge yana cewa, "Biba, sake ni! Biba, idonki!" To a wurinmu, in marar lafiya ya kira suna, magana ta ƙare. Wanda aka kira zai zo ya tsallake shi, ya kuskure baki a ba shi ruwan ya sha, don ya sakar masa kurwa. In ka ƙi, kai maye ne mai taurin kai. In ka yi ya warke, kai maye ne da ya ji tsoro. In ya mutu, ba sai an faɗa ba.

Da hantsi aka ɗauko Hamza a tabarma aka shimfiɗe ƙofar Inna Biba. Wansa Takawa ne a gaba, da taɓarya a hannu. Alƙasim yana cikin ɗakin tsohuwar, ya leƙa ta kafar asabari ya ga kawuna har bakin rijiya, wasu samari suna tsintar duwatsu. Ya dubi katangar baya, gajeriya ce, ko akuya tana haye ta.

"Hito, Biba!" in ji Takawa. "Hito ki tsallake shi tun muna shaida juna!"

Tsohuwa ta fito tana gyara zane. "Takawa, ni na yi wa uwarku wankan jego. Mi na yi muku?"

"Mun gani da idonmu!"

Wani dutse ya faɗo kusa da ƙafarta. Ta dubi Hamza a kwance, ta ɗaga ƙafa za ta tsallake.

Alƙasim bai san lokacin da ya fito ba. Har yau in an tambaye shi cewa yake ƙafafunsa ne suka ɓata hanya, katanga suka nufa. Muryarsa ta fito siririya kamar ta ɗan tsako.

"Inna, dakata. Baba Takawa, dube ni nan."

Ya ɗaga waya ya ɗauki Takawa. Akwai 'yar dabarar da ta rage masa a wayar, ba ta kai ta ordinata kyau ba, amma tana sa wuta. Yatsunsa suna zamewa don gumi, ya danna ba daidai ba, ya sake, mutane suna matsowa har yana jin numfashinsu a ƙeya. Can ya juya wayar. Ga Takawa da taɓaryarsa, idanu jajur suna ci balbal.

Takawa ya saki taɓarya a kan ƙafarsa, bai ma ji zafi ba. Ya shafa idonsa, ya dubi tafin hannu. Matarsa ta ja baya.

"Kun gani?" in ji Alƙasim. "Dabara ce. Ni na sa wa Inna, ni na sa mashi. Kowa ina iya sa mashi."

Ya zaci an fahimta, har ya fara murmushi. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Kowa?"

Mutane suka dare, kowa yana kare fuska da hannun riga.

"Ashe kai ne," in ji Takawa a hankali. "Kai ka ɗauke ta cikin abin nan, ka yi aiki da ita. To kai za ka tsallake."

Alƙasim ya dubi Inna Biba, ya dubi duwatsun da ke hannun samari. Ya san abin da tsallakewar nan za ta manna masa, kuma ba sabulun da ke wanke shi.

"Zan tsallake. Amma daga nan sai likita, Buza. Kuma ba mai sake zuwa ƙofar nan."

Ya tsallake Hamza. Ya kuskure baki aka ɗura wa marar lafiya. Aka sa shi a amalanke zuwa bakin hanya.

A Buza likita ta ce zazzaɓin sauro ne ya hau kai, ta ɗaura masa ruwa. Alƙasim ya zauna a inuwar bishiyar bedi yana lissafin kansa: in Hamza ya mutu shi ya cinye shi, in ya tashi shi ya sake shi. Ya rasa wadda zai roƙa. Daga baya ya roƙa masa lafiya, yana kuka da majina.

Hamza ya tashi garau, har ya fi da ƙiba. Karofane ta ce ai ga shi nan, tsallakewa ta yi aiki.

Furar Inna Biba ta koma ƙarewa kafin azahar, har da masu zuwa ba ta haƙuri. Alƙasim kuwa ko a biki ya ciro waya don duba lokaci, sai fili ya buɗe kamar an sako bijimin sa. Ba wanda ke yarda ya tsaya gabansa, sai awaki.

Ran kasuwa da ya zo daga Madawa, ya biya gaishe ta. Ta yi murna, ta sa masa albarka, ta dama masa fura mai yawan nono. Ya sa ƙafa zai shiga ɗaki sai ta tare ƙofar da ludayi.

"Ɗan nan, aje abin nan waje tukuna."

"Haba Inna, ke ma? Ke da kika san yadda aka yi?"

"Na sani," ta ce, tana kallon ƙasa. "Aje shi dai. Can nesa, bisa turmi."