Ranar da Na Karɓe wa Kaka Aikinta

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji biyar a firamare, gidanmu na unguwar Tishigu ya cika da mata kamar ana suna. Sun kewaye shanyar shinkafar mahaifiyata suna kallon wani gwangwanin madara da na rataya a jikin sanda. Ruwa yana ɗiga cikinsa daga wani galan da na huda. Da ya cika sai ya kife, ya fizgi igiya, gwangwanayen da na zuba wa tsakuwa na jera a saman shanyar suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, kaji suka watse har wata ta faɗa cikin baho. Mata suka yi shewa. Kaka Azara, mahaifiyar babana, tana zaune a kan 'yar kujerarta a gindin darbejiya, doguwar tsumagiyarta a kan cinya, ita ma tana dariya har da share hawaye.

Sana'ar Mma, mahaifiyata, turara shinkafa ce. Takan sayo buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a sussuke ba, daga ƙauye, ta jiƙa, ta turara a ƙatuwar tukunya, sannan a baza a kan simintin tsakar gida ta bushe kafin a kai inji. Mu yara aikinmu ɗebo ruwa a famfo da jan shanyar da ƙafa don rana ta ratsa ta, mu fito tafin ƙafarmu na raɗaɗi. Gadi kuwa na Kaka ne. Idanunta sun yi rauni, gwiwoyinta ba sa kai ta ko bakin titi, amma kunnenta na jin takun kaza tun daga bayan murhu. Da hantsi za a fito mata da kujera, a kawo mata koko da ƙosai a wurin, ta wuni tana kaɗa tsumagiya tana faɗa da kajin maƙwabta, kowace da sunan da ta raɗa mata. Duk matar da ta shigo sayen shinkafa sai ta fara durƙusawa a gabanta. A nan take jin wanda ya haihu da wanda ya yi tafiya Kumasi, a nan take raba mu faɗa, kuma Mma ba ta kwashe shanya sai Kaka ta ciza ƙwaya ɗaya ta ce ta yi.

A shekarar ce aka kawo mana sabon malami daga kudu, Ticha Ofori, wai zai koya mana kwamfuta. Makarantar ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Maimakon ya cika mana allo da zane, sai ya sa muka riƙa tsinto gwangwani, murfin kwalba, waya da tsohuwar robar tayar keke, muna tarawa a bayan aji. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya bambanta mace da namiji, mu yi ta ƙunshe dariya. Yakan ce, "Babban wahala, ka yanka shi ƙanana ƙanana." Ya koya mana mu faɗi kowane aiki daki-daki: idan kaza ya faru, to a yi kaza; idan bai faru ba, a jira, a sake dubawa. Idan abin da ka haɗa ya ƙi aiki ba ya dukanka, sai ya tsuguna kusa da kai ya ce ku nemo inda ya karkace. Wata rana ya ce kowa ya duba gidansu ya samo aikin da ake maimaitawa kullum, ya ƙera abin da zai yi shi. Ban yi dogon tunani ba. Hannun Kaka na gani yana ɗagawa yana sauka tun safe har la'asar, kuma na rantse tausayinta ne ya fara zo mini.

Na sha wuya kafin abin ya tsaya. Na farko, gwangwanin ya kife bai koma ba, sai na ɗaura masa dutse ta baya. Na biyu, hudar galan ɗin ta yi faɗi, ƙarar ta yi yawa har kajin suka saba da ita suna ci abinsu, sai na toshe hudar da tsumma ruwan ya koma ɗiga a hankali. Awaki kuma ba ruwansu da ƙara, don haka na yi wa ƙofar zaure ɗan kyauren kara na ɗaure da roba yana rufe kansa. Ƙanena Mutala yana miƙo mini waya, Kaka kuma ita ke riƙe mini bakin igiya idan zan ɗaure. Ba ta taɓa tambayata me nake nufi da shi ba. Ranar da ya yi aiki, bayan mata sun watse, ta jawo ni ta shafa kaina ta ce, "Rahina, abin nan naki ba ya gyangyaɗi, ba ya tashi yin salla. Ya fi ni." Ni kuwa na washe baki na ce, "Eh, Kaka, yanzu sai ki huta." Ranar Litinin Ticha Ofori ya biyo ni har gida ya gani, ya tafa hannu ya ce, "Rahina, kai injiniya ne!" Kwana na yi ban ji ƙafata a ƙasa ba.

Ba wanda ya kori Kaka. Mma ce dai, da zuciya ɗaya, ta ce mata, "Kaka, rana ta yi zafi, ku shiga ciki ku miƙe, abin Rahina yana nan." Sai aka fara kai mata koko ɗaki. Masu sayen shinkafa suka koma ɗaga murya su gaishe ta daga tsakar gida su wuce. Idan muka yi faɗa, kafin labari ya kai mata mun shirya. Wata la'asar na dawo daga makarantar allo na leƙa ɗakinta, na same ta zaune a bakin gado ta juya fuska wajen taga, gwangwanaye na ƙara a waje, hannunta na ɗan motsi a kan cinya kamar mai kaɗa wani abu. Na fita, na ɗauki reza na yanke igiyar, na ce wa Mma ta tsinke kuma ba ta gyaruwa. Kafin in dawo daga famfo Mutala ya ƙulla ta. Ya kalli duk yadda na yi, ya iya, yana tsaye yana jiran in yaba masa.

Da damina ta kusa, Kaka ta ce a kai ta ƙauye wurin gwaggona ta ga jikoki. Babana ya yi ta lallashi, ta ce a can akwai gyaɗar da za a ɓare. Aka ɗora ta a mota da ƙullin kayanta, ta yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya. Ba ta dawo ba. A can ta rasu bayan girbi. Manya suka ce tsufa ne, kuma na san gaskiya suka faɗa. Duk da haka na daɗe ba na son cin shinkafar gidanmu.

Yau ni ma malama ce a Kasalgu, kuma ɗalibaina suna da kwamfutocin da mu ba mu samu ba. Suna haɗa fitilar da ke kunna kanta idan duhu ya yi, da abin ban ruwa da ke jin bushewar ƙasa. Idan yaro ya rugo da abinsa fuskarsa na haske, ina tafa masa da gaske, don na san daɗin da yake ji kuma ba laifi ba ne. Sai dai gidajen yanzu kowa da katangarsa da ƙofarsa a kulle, tsofaffi na ciki gaban talabijin, ba shanya, ba mai shigowa. Nakan so in koma tsakar gidan nan ko na wuni ɗaya, in tarar da ita tana zagin kajin mutane. Na iya korar kaji. Abin da ban sani ba a lokacin, kajin ne suke riƙe da ita a cikinmu.