Cokalin Mai Kanti

Bayan samun 'yancin kan Ghana da 'yan shekaru, ina koya wa yara tsara waƙa a wata rumfa a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin ƙasar. Mai rumfar wani Bayarabe ne mai kanti, haifaffen unguwar Lagos Town ta nan Ankara, aro ya ba ni. A Sakkwato da Yamai na ga ana sa yaro haddace waƙar manya. Ni kuwa cewa nake kowa ya dubi abin da ke gabansa ya yi baiti, mu tafa mu ji ko ya zauna.

Wata yarinya 'yar shekara takwas ta dubi kantin ta ce:

Baba mai kanti, cokalinka ƙarami,
Ƙuda ya sauka, ya tashi da rabi.

Yara suka ɗauka. Ba a jima ba har mata a bakin famfo suna rerawa.

Wata safiya mai kantin ya shigo rumfar da bulala a hannu.

"Malam, wa ya yi? Ka nuna mini shi, ko ku naɗe tabarminku yau."

Na ce, "Baba, yara ne. Zauna mu yi magana."

"Ba zama na zo ba."

Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya motsa, amma idanunsu duk sun karkata wajen yarinyar. Na tashi na tsaya tsakaninsu. Ina jin numfashinta a bayana.

Hayaniyar ce ta fito da tsohuwar uwarsa, wadda ta yi fataucin goro har Arewa tun tana budurwa. Ta leƙa bayana, ta ƙura wa zanen da ke kumatun yarinyar ido.

"'Yar wa ce?"

Na ce, "Ubanta Bagobiri ne, Iya."

Ta juya ta yi wa ɗanta faɗa da Yarabanci, ina ji. Ta ce Bagobiri abokin wasan Bayarabe ne tun kaka da kakanni, wanda ya doki abokin wasa kansa ya zubar wa mutunci. Shi a Ankara ya tashi, bai taɓa jin haka ba. Bulalar na hannunsa har yanzu.

Tsohuwar ta ja kunnen yarinyar a hankali.

"Ke, baiwata mai fuskar kaza ta yi tono! Sake rerawa in ji."

Yarinyar ta rera. Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Mai kantin ya koma kantinsa, muka ci gaba da darasi.