Ranar da Na Kai Inna Cin Mitfai

A shekarun da nake koyarwa a wata firamare kusa da Rijiyar Zaki, gidajen abincin nan masu ƙofar gilashi sun cika Kano. Duk reshen da ka shiga iri ɗaya ne: jajayen kujeru, sanyin esi, ma'aikata da 'yar hula. Yanzu sun rufe. Wanda na fi zuwa ya koma shagon tayil, amma in na wuce har yau hancina yana neman ƙamshin mitfai ɗinsu, mai niƙaƙƙen nama da dankali a ciki. Ina kewar wurin ƙwarai, ko da yake rabin zuwan da nake yi don a hango ni ne ta gilashi.

Da na karɓi albashin farko, burina ɗaya ne: in ga mahaifiyata, Inna, tana cin abin da gumina ya saya. Sai ga ta daga ƙauyenmu na wajen Tsanyawa, ta zo dubiyar wata 'yar'uwa. Na sha shadda mai sitaci, na maƙala biro biyu a aljihu, na ce sai mun biya ta gidan abincin.

Duk da bokona, na manta ni ɗan fari ne. Inna ko sunana ba ta taɓa kamawa ba. Matar da ba ta shan ruwa a gabana don kunya, ita na zaunar a tsakiyar baƙin maza, na dire mata tire.

Ta ja mayafi, ta karkata tana kallon bango. Ni kuwa sai zuba nake.

"Inna, bismillah mana. Da zafi ake cin sa."

Maimakon ta amsa mini, sai ta dubi ma'aikaciyar da ke goge tebur. "'Yar nan, ce wa wannan ya sa a ƙunshe mini."

Haushi ya turnuƙe ni. Na cinye nawa da cokali mai yatsu, ɓawon yana tsalle, ban ma lura ba kowa a wurin da hannu yake ci. Na sa ta a bas muna 'yar gaisuwa sama-sama. Na yi makonni ina ba abokai labarin ƙauyancin Inna.

Da na je gida hutu, ƙanwata ta ce ai ranar Inna na isa ta shimfiɗa tabarma, ta sa wuƙa ta yayyanka mitfai ɗin mitsi-mitsi, ta aika gida-gida, wai tsarabar albashin wannan ce, a sa masa albarka.

Na ce, "Ita fa, ta ci?"

"Ina! Da ta gama rabo ba abin da ya saura. Ta dai shige ɗaki da takardar da aka ƙunso shi, ta saki labule. Na leƙa na gan ta tana tsintar ɓurɓushin da yatsa tana murmushi. Ta ce gishiri ya yi kaɗan."

Ashe ta ci. Ni ne ban gani ba, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa gani ba.