Rasuwar Sajen Ɗakin Oba-oba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Larabar da ta wuce, bayan la'asar, Allah Ya yi wa sajen da ke kula da ɗakin oba-oba, wato rediyon sadarwa, na sansaninmu rasuwa. A hannuna ya cika, a ɗan asibitin bariki inda nake aikin jinya. Tun ranar na kasa zama wuri guda. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da ya tashe ni.

Saje, wanda bai san labari ba zai ɗauka a fagen daga ka faɗi. A'a, daga kan dogon ƙarfen eriya ka faɗo, a tsakiyar gidanmu.

Lokacin da baƙin da suka gina sansanin nan suke tare da mu, janareta ba ya mutuwa, mai gyaran eriya kuma yana zuwa a kai a kai. Da wa'adinsu ya cika suka tattara nasu-ya-nasu, aka ce gwamnati za ta ci gaba da ɗaukar nauyi. A babban birni an yi ta sanar da kason kuɗin tsaro. Mu abin da ya iso mana shi ne sabon fenti a bakin ƙofa. Mai ya yanke, motoci suka kwanta, ɗan kwangilar gyaran eriya ya daina ɗaga waya. Kai kaɗai ka rage tsakaninmu da yaran da ke gadi a ƙananan shingaye cikin daji.

Ba zan manta ranar da matar kofur ɗin shingen gada ta haihu a wajena ba. Na leƙa ɗakinka na faɗa maka, sai ka jawo abin magana kana murtuke fuska. "Gada, Gada, an ƙaro muku soja ɗaya, amma ya zo ba takalmi." Ihun da suka yi har ni da ke bakin ƙofa na ji shi. Da firjin allurai ya tsaya, batirinka ka kinkimo a kafaɗa ka kawo mini, ka ce, "Sista, ki dawo da shi kafin oga ya zagayo, ni ban san ki ba."

Kuma ba ka iya ƙarya a oba-oba. An taɓa umartarka ka gaya wa wani shinge cewa agaji na hanya, alhali babu motar da ke da mai. Ka ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗa musu haka za su tsaya jira." An hore ka a rana saboda wannan maganar. Da ka zo karɓar maganin ciwon kai, ba ka zagi kowa ba.

Ranar Larabar, iska ta lanƙwasa eriya, muka daina jin shingen gada. Ga shi labari ya zo cewa 'yan bindiga sun nufi can. Na same ka kana jujjuya igiyar ɗaure ƙugu, duk ta ruɓe.

Na ce, "Saje, ka bari a turo mai gyara."

Ka ce, "Sista, wa zai turo shi? Yaran nan ba su san abin da ke tunkararsu ba."

Ka hau haka nan. Ka miƙar da eriyar, murya ta dawo, aka isar da gargaɗi. Wajen saukowa ne matakalar da tsatsa ta cinye ta karye. Motar asibiti tana kan duwatsu ba taya. Ni kuma abin da ke cikin kabad ɗina auduga ce da ledar ƙarin ruwa. Na san abin da ya kamata a yi maka, na kuma san ba ni da shi. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Da ka buɗe ido, abu ɗaya ka tambaya: "Sun ji?" Na ce sun ji. Kuma gaskiya ce. Sun janye kafin maharan su iso, duka suna raye, su ne ma suka ɗauki makararka.

Jiya aka gaya wa maiɗakinka ta fara shirin barin ɗakin bariki. Matakalar tana nan a karye, ba wanda ya zo dubawa. Duk sanda iska ta taso sai in fita in ɗaga kai, ina tunanin wane ne na gaba da zai hau.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da maiɗakinka, da 'ya'yanka mata da har yanzu suke ajiye maka abinci. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu. Allah Ya jiƙanka, Saje, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Waɗanda amanarmu ke hannunsu kuma, Allah Ya sa su waiwaye mu tun muna da rai. Amin.