Motar da Ta Durƙusa a Hanyar Arkhangai

Dashnyam ɗan makiyaya ne daga yankin karkara na Arkhangai. Ya shigo babban birni Ulaanbaatar shekarar da mugun sanyi ya kashe musu dabbobi, da matarsa Khandaa da tantinsu a bayan babbar motar wani. Tun lokacin aikinsa ɗaya ne, zuba kwal a tukunyar da ke ɗumama wasu gidajen bene a gabashin gari. Yanzu ya haura hamsin. Baƙin kwal ya zauna a layukan tafin hannunsa, sabulu ya daina fitar da shi.

Shi ne babban ɗan tsoho Jamts. A safiyar farko ta Farin Wata, bikin sabuwar shekara, babban ɗa ne ke fara matsowa da shuɗin gyale ya tallabi hannuwan mahaifinsa, sannan sauran su biyo baya. Dashnyam ya daɗe bai samu wannan ba. Bikin na faɗowa ne a tsakiyar sanyi, lokacin da tukunya ba ta hutu. In ma an sake shi, sai ya jira motar haya ta cika, ya isa an ci an watse. Ƙanensa Sambuu, wanda ya zauna da dabbobi, shi ke tsayawa a gurbinsa. A wannan shekarar tsohon, da ya wuce tamanin, ya aiko da saƙo, yana kiransa da sunan gida: “Ku ce wa Dashka bana ina son ganin fuskarsa da safe, ba bayan an kwashe kwanuka ba.”

Dashnyam ya nemi hutu tun da wuri, ya kwaso abin da ya tara ya nufi kasuwar tsofaffin motoci. Ƙaramar mota ya je saye, irin wadda kowane lungu akwai mai gyaranta. Sai ya ci karo da wata baƙa, doguwa, da aka shigo da ita daga Japan, kujerunta na fata.

“Yaya, zauna kawai, zama ba saye ba ne,” in ji dillalin. “Kujerar nan tana ɗumama mutum tun daga ƙugu. Kai da ka ƙare rayuwarka kana ɗumama wasu, yau dai a ɗumama ka.”

Dillalin ya danna wani maɓalli, motar ta ɗaga a hankali. Ya ce ba a kan ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan roba ne masu iska, famfo na hura su. “Ka ga ta miƙe kamar raƙumi? Duwatsun garinku ba za su taɓa cikinta ba.”

Kuɗinta bai kai na ƙaramar ba. Dashnyam bai tambayi dalili ba. Abin da ya hango a ransa shi ne ƙofar tantin mahaifinsa, da Sambuu tsaye yana kare ido da hannu.

Ya ɓoye ta a filin wurin aiki don ya ba mutane mamaki. Can ya lura cewa kullum da safe bayanta na hagu a sauke yake, sai an tayar da inji famfon ya yi ta gurnani kafin ta daidaita. Ya ce wa kansa motocin manya haka suke.

Gombo, yayan Khandaa, bakanike ne. Bai ga motar ba sai safiyar jajibere, an riga an loda kaya: cinyar rago, alewa, da buhun buuz, curin fulawa mai nama a ciki da Khandaa ta kwana biyu tana naɗewa. Ya zagaye ta. Ya tsuguna a bayanta na hagu ya daɗe yana saurare. Da ya miƙe sai ya buɗe baki, ya ga ƙanwarsa riƙe da ludayin madara za ta yayyafa wa tayoyi don sa’ar tafiya.

Ba a ce wa mai shirin tafiya “in ta lalace”. Wanda ya ambaci masifa a bakin hanya shi ya kira ta, in kuma ta faru, sunansa mai mugun baki har ya mutu. Matafiyin ma ba ya tambaya, don tambayar kanta kira ce.

“To, bakanike, ka yi shiru,” in ji Dashnyam. “Ko hassada ce ta shaƙe ka?”

“Mota ce ta manya, suruki,” in ji Gombo. Ya je ya ɗauko igiyar jan mota da tsohuwar rigar fatar tunkiya, ya cusa a but ɗin motar. “Wuri ne ya yi mini kaɗan a gida.”

Dashnyam ya ga igiyar. Ya kau da kai.

A kan kwalta motar ba ta da laifi. Khandaa ta cire takalma ta yi barci, abin da ba ta taɓa yi a mota ba. Da la’asar suka sauka daga kwalta suka shiga hanyar daji, inda sawun manyan motoci ya daskare ya zama kamar ƙarfe. Sanyi ya ƙaru. Tsohuwar roba ba ta jure wannan. Suka ji wani huci daga baya, dogo, sai bayan motar ya sauka. Famfon ya yi ta ihu shi kaɗai har ya ƙone, gaban ma ya bi. Motar ta kwanta da cikinta a ƙasa, kiɗa na tashi a ciki, kujeru da ɗuminsu.

“Dashka, mene ne?” in ji Khandaa.

“Ba komai.”

Ya matsa wa motar a hankali, tana jan ciki. Ba su yi nisa ba dutse ya fasa ƙarƙashin inji, baƙin mai ya zubo a kan ƙanƙara. Waya ba ta kamawa a wurin. Khandaa ta yafa rigar yayanta, suka nufi wani hayaƙi da suka hango a gindin tsauni.

Mutanen tantin ba su san su ba, amma sun karɓe su hannu biyu, kamar yadda kowa zai yi. Mota ce dai ba su da ita a gida, ɗansu ya tafi da ita, ba zai dawo ba sai bayan gaisuwar biki. Da gari ya waye aka jeru a gaban tsohon gidan. Baƙon da ya kwana a gida ba ya zama gefe ranar Farin Wata. Dashnyam ya ciro shuɗin gyalen da ya sayo don mahaifinsa, ya tallabi hannuwan uban wasu, tsohon ya shinshini kumatunsa ya sa masa albarka. Aka miƙo masa buuz mai zafi. Ya riƙe shi a hannu har ya huce.

Washegari ɗan gidan ya kai su wurin tsoho Jamts a motar ɗaukar tumaki. Matar Sambuu ta tare su a waje ta faɗa musu yadda aka yi. Tsohon ya sa sabuwar riga tun asuba ya zauna, ya hana kowa matsowa. Shayi ya huce aka sake dafawa. Maƙwabta suka taru a waje cikin sanyi da ’ya’yansu. Sai da rana ta take sannan ya miƙa wa Sambuu hannuwansa.

“A’a, mutanen birni!” in ji Sambuu daga bakin ƙofa. “Ina dokin ƙarfen da muka ji labari? Ko ya tsaya kiwo ne?”

Dashnyam ya wuce shi ya durƙusa gaban mahaifinsa. Tsohon ya ba shi hannu, ya shinshini kumatunsa. Sannan ya nuna masa wurin zama, ba kusa da shi ba, can gefen da ake ajiye masu wucewa.

“Sambuu, bar shi ya sha shayi,” ya ce. “Baƙo ne, ya sha hanya.”

Sai da ƙanƙara ta fara narkewa aka jawo motar zuwa birni. Dillalin ya ce lafiyarta ƙalau ta bar hannunsa. Gombo ya kwance ta ya jera abin da ya mutu a kan kwali: jakunkunan duk sun tsattsage, an shafe su da baƙin fenti don su yi kama da sababbi. Kayan gyaran sai an yi odarsu daga waje, kuma sun fi ƙarfin mai zuba kwal.

“Ka sani tun ran nan,” in ji Dashnyam.

“Na sani. Kai ma ka sani.”

“Da ka faɗa.”

“Da na faɗa, da yanzu ni na karya maka mota, ko ba haka ba?”

Dashnyam ya juya ya fita. Tun ranar ba su sake zama cin abinci tare ba, Khandaa ce ke kai da kawowa tsakaninsu.

Tsoho Jamts ya rasu da kaka. Dashnyam ya je jana’iza a motar haya. A hanya direban ya nuna wa fasinjoji wani wuri ya ce nan ne wani ɗan birni ya kwana da motar alfarma, aka yi dariya. Dashnyam yana kujerar baya, hularsa a kan gwiwa.