Bahon ruwan Baba Pol

Salama alaikum jama'a. Na san na ɓace muku. Masu kira ba su same ni ba, har wani a garejinmu ya baza cewa na koma Nijar ban yi sallama ba. Ban je ko'ina ba, ina nan Wagadugu a kwance. Sai yanzu yatsuna suka yarda su riƙe waya.

Abin ya fara ne ina tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya. Na taka birki, na ji tafin ƙafata kamar tururuwa na yawo a ciki. Na ce gajiya ce. Mu direbobi ai ba ma ciwo, shayi ne maganinmu.

Ranar Juma'a na tashi zan tafi masallaci a unguwar Zongo, gwiwoyina suka ce ba su san zancen ba. Na zube a ƙofar ɗaki. Alhaji mai masaukina, tsoho ne mai sayar da atamfa, shi ya sa aka kai ni lopital, wato asibiti, a taksi.

Aka ɗebi jini, aka soka min allura a gadon baya aka ɗebi ruwa. Ordonansi kan ordonansi, wato takardun sayen magani, kuɗin da nake tarawa na rufin ɗaki duk farmasi ta cinye. Likita ya ce, "Jikinka ne ke yaƙi da jijiyoyinka. Zai hau sama kafin ya sauka. Fatanmu kada ya kai ga numfashi."

Ya hau kuwa. Ƙafa, ƙugu, hannuwa. Ƙuda zai sauka a leɓena, ina kallonsa yana kallona.

A lopital ɗin nan in ba ka da mai jinya ba ka da kowa. Ma'aikata allura da magani ne nasu, wanka da juyi da zubar da fo aikin danginka ne. Matata tana gida Nijar da goyo, hanya kuma kun san yadda take, ba tsaro. Alhaji ba ya iya ɗaga ni. 'Yan gareji su zo su ajiye ayaba su yi addu'a su tafi, ban ga laifinsu ba, wari nake yi.

Wallahi ba mutuwar ce ta fi tsorata ni ba. Ina kwance cikin najasa, ina jin kiran salla ta taga, ba alwala, ba tsarki. Na ce haka zan gamu da Ubangijina ke nan? Na yi kuka, hawayen ma ba hannun sharewa.

Duk Asabar akwai 'yan wani coci daga unguwar Cissin da ke shigowa ɗakinmu, mata da kunu, maza da sabulu da tawul. In na hango su sai in rufe ido kamar ina barci.

Wata Asabar na ji an ajiye abu mai nauyi kusa da gadona. Na buɗe ido, sai ga wani dattijo Bamoshe, ɗan ƙasar nan, da gicciye a wuya, ga baho cike da ruwa, yana naɗe hannun riga.

Jama'a, na taɓa jin cewa da ruwa suke shigar da mutum addininsu. Ga ni ba hannu ba ƙafa, ko kaina ba na iya kawarwa. Na tattara ɗan muryar da ta rage min na kama kalmar shahada da ƙarfi, ina maimaitawa.

Dattijon ya tsaya har na gaji. Sannan ya ce da gurguwar Hausarsa ta kasuwa, "Ɗana, ka gama? Wanka ne. Bayanka ya fara ruɓewa."

Kunya ta kama ni kamar in nutse cikin katifa.

Sunansa Pol, tsohon kafinta ne. Ya juya ni, ya wanke ni tas, abin da ko ƙanena zan ji nauyin ya gani. Bai yamutsa fuska ba. Da ya gama ya ce, "Me ya rage?"

Na ce, "Baba, alwala. Amma wannan ba naka ba ne."

Ya ɗauki bahonsa ya fita. Ashe daga nan Zongo ya nufa da kekensa, yana tambaya har ya gano shagon Alhaji. Washegari suka shigo tare da buta, Alhaji yana nuna masa, Baba Pol yana kuskure Alhaji yana gyarawa. Na ce, "Alhaji, ya halatta kuwa?" Ya ce, "Na tambayi liman. Niyya taka ce, kai dai ka ƙulla ta."

Suka ja gadon ya fuskanci alƙibla. Na yi azahar da ido, kuma ban taɓa yin salla mai daɗinta ba.

Daga nan Baba Pol ya daina jiran Asabar, kullum sai ya zo. Bai taɓa ce min in zo cocinsu ba. In zai tafi yakan tsaya ya yi tasa addu'ar a ransa, ni ma in yi tawa.

Babban yatsana ne ya fara motsi. Sai kine, wato motsa gaɓoɓi, mai sa ƙato ihu. Yanzu ina tafiya da sanda, tuƙi kam sai Allah ya yi.

Shawarata, in ka ji ƙafa tana mutuwa kuma abin yana hawa sama, kada ka tsaya shafa mai, ka tafi lopital ranar. Masu jinya kuma ku riƙa juya wanda ba ya motsi, gyambon kwanciya ba ya jira.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci, da Alhaji, da matan kunu waɗanda na yi ta yi wa barcin ƙarya.

Baba Pol ba shi da waya irin wannan, ba zai ga rubutun nan ba. Don Allah duk wanda ke Cissin ya san shi, ya gaya masa yau da asuba na yi alwala da hannuna, kuma goshina ya taɓa ƙasa.